Tango, ajin kujera ko takun tsakar gida: wace rawa ta dace da mai cutar Parkinson?

Duk wanda ke jinyar mai cutar Parkinson ya san wannan yanayin. Mutum ya taso daga ɗaki, ya iso bakin ƙofa, sai ƙafa ta kafe kamar an buga mata ƙusa. Gangar jiki na son gaba, ƙafafu na karkarwa a wuri ɗaya. Sai wani daga gefe ya fara tafi, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, nan take ƙafar ta ɗaga, ya tsallake dokin ƙofa ya wuce. A kan wannan ɗan abin aka gina duk maganar rawa ga masu cutar.

Cutar tana kashe ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin a can tsakiyar ƙwaƙwalwa. Sashen da abin ya shafa shi ne mai tafiyar da motsin da mutum ke yi ba tare da ya sa hankali ba: tafiya, lilon hannu, juyi, tashi daga zaune. Idan ya yi rauni sai taku ya gajarce, jiki ya sandare, motsi ya yi nawa. Kiɗa ko tafi yana zame wa jiki agogo daga waje. Kunne ya ji bugu, hankali ya bi, ƙafa ta sauka a kan bugun, an ratse an bar hanyar da ta lalace. Rawa kuma tana ɗora wasu abubuwa a kan haka: mayar da nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa, tsayawa da tashi, sauya alƙibla, haddace jerin taku, ga shiga mutane.

Rawa ba ta warkar da cutar, ba ta kuma maye gurbin levodopa ko sauran magungunan da likita ya rubuta. Abin da bincike ya nuna shi ne tana gyara tafiya da daidaiton tsayuwa, tana kuma rage ƙunci. A 2023 cibiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 156 da suka ƙunshi mutum 7,939 masu cutar, ta gano cewa kusan kowane irin motsa jiki mai tsari yana da amfani, rawa na cikin waɗanda amfaninsu ya fito fili a kan alamomin motsi, kuma tazarar da ke tsakanin nau'o'in ba ta da yawa. Ke nan babu wata rawa guda da ta kere sa'a. Zaɓin yana rataye ne a kan jikin mai cutar, da abin da ke kusa da shi, da abin da zai iya riƙewa har shekara ta zagayo.

Ma'aunan da za a duba

Na farko, kuma shi ke yanke rabin hukuncin, shi ne tarihin faɗuwa. Wajen shida cikin goma na masu cutar suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. A tambaya tsakani da Allah: a wata shidan da suka wuce ya faɗi? Sau nawa? Ta baya ko ta gaba? Likitoci na auna tsananin cutar da ma'aunin Hoehn da Yahr na 1967 mai hawa biyar. Hawa na 1 gefe ɗaya ne na jiki, na 2 gefe biyu amma tsayuwa lafiya lau, na 3 tsayuwa ta fara tangal-tangal amma mutum na cin gashin kansa, na 4 sai da taimako, na 5 keke ko gado. Yawancin binciken rawa a kan 'yan hawa na 1 zuwa na 3 aka yi shi.

Na biyu, mece ce ta fi damun sa? Wanda ƙafarsa ke kafewa a wajen juyi buƙatarsa daban da ta wanda kafaɗu da bayansa suka sandare, daban kuma da ta wanda ya daina fita masallaci da wajen suna saboda kunyar karkarwar hannu.

Sai kuɗi, kuma a lissafa har da na mota, da data, da lokacin ɗan rakiya. Sai ɗorewa, domin ribar motsa jiki tana zagwanyewa idan an daina, abin da aka yi na mako uku aka watsar bai kai abin da ake yi kaɗan-kaɗan tsawon shekara ba. Sai sauƙin farawa: akwai malami? akwai abokin rawa? akwai fili? Na ƙarshe haɗarin da ke cikin takun kansa.

Dangane da yawan abin da ake buƙata, gidauniyar Parkinson's Foundation ta Amurka tana ba da shawarar aƙalla awa biyu da rabi na motsa jiki a mako. Yawancin gwaje-gwajen rawa awa ɗaya sau biyu a mako suka yi, ragowar sai a cike da tafiya.

Tango ta Ajantina

Ita ce ta fi kowace tara hujja. Madeleine Hackney da Gammon Earhart na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka su suka buɗe wannan fagen da wani ƙaramin gwaji a 2007, inda aka yi darasi 20 cikin mako 13. A 2012 Ryan Duncan da Earhart suka gwada ta a kan mutum 62 na tsawon wata 12, awa ɗaya sau biyu a mako. Waɗanda suka yi tango alamomin motsinsu sun ragu, tsayuwa da tafiya sun gyaru, waɗanda ba su yi ba kuwa ba su samu wannan ci gaban ba.

Wanda ya kalli tango da idon likita zai ga tafiya ce aka yi wa kwalliya. Ana takawa gaba, a taka gefe, a taka baya, a tsaya cak, a sake tashi. Wani takun a hankali, wani da sauri. Kowane taku sai an ɗora nauyi gaba ɗaya a ƙafa guda kafin ɗayar ta motsa, kuma rashin yin haka shi ne ainihin abin da ke kafe ƙafar mai Parkinson: yana son ɗaga ƙafar da har yanzu nauyinsa ke kanta. Ashe duk wuraren da cutar ke kayar da mutum, wato farkon tashi da juyi da ja da baya, su ne darasin tango tun ranar farko.

A nan ne wasu masu karatu za su ja tunga, don tangon da aka sani a talabijin rungumar juna ce tsakanin mace da namiji. Wadda ake koya wa masu cutar an sauya mata riƙo. Mutum biyu suna fuskantar juna, kowa ya riƙe gwiwar hannun ɗan'uwansa, damatsa a miƙe daidai da ƙasa, akwai fili tsakaninsu. Abokin rawa yana iya zama miji ko mata, ɗa da mahaifinsa, 'ya da mahaifiyarta. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce ba a haɗa masu cutar biyu su riƙe juna. Akwai ma gwajin da Hackney da Earhart suka yi a 2010 da ya kwatanta masu yi da aboki da masu yi su kaɗai. Ribar jiki ta zo kusan ɗaya, sai dai masu aboki sun fi jin daɗi, sun fi nuna sha'awar ci gaba.

Ta fuskar kuɗi ita ce mai tsada, don tana son malamin da ya san tango ya kuma san cutar, ga mutum biyu da za su riƙa zuwa. A garuruwanmu samun irin wannan malamin abu ne mai wuya. Ta fuskar ɗorewa tana riƙe mutum, saboda kullum akwai sabon takun da za a koya, amma ranar da abokin rawa ya yi tafiya ko ya gaji, shi ke nan an tsaya. Haɗarinta kuwa yana cikin takun baya. Mai Parkinson idan ya fara ja da baya yakan kasa tsayar da kansa, taku ya yi ta ƙanƙancewa har ya zube ta ƙeya. Saboda haka a fara ba shi matsayin jagora, mai tafiya gaba. Sai ya ƙware a takun gefe da tsayawa kafin a shigo da na baya, taku ɗaya ko biyu kacal, yatsun ƙafa su fara taɓa ƙasa, ƙirji ya ɗan karkata gaba. Duk takun da ke sa a giccia ƙafa a kan ƙafa, ko a murɗa jiki a kan ƙafa ɗaya, a cire shi ga wanda ya taɓa faɗuwa.

Wals da fokstrot

Waɗannan raye-rayen zauren Turawa ne, su ma na mutum biyu. A 2009 aka gwada su gefe da gefe da tango a kan mutum 58. Dukkansu sun gyara tsayuwa da nisan tafiya, tango ta yi daidai da su ko ta ɗara su a ma'aunai da dama. Abin da suka fi ta shi ne tsarin takunsu a ƙayyade yake, ana maimaita abu ɗaya, ba a buƙatar yanke shawara a kowane bugu. Ga wanda mantuwa ta fara shiga, wannan sauƙi ne. Kuɗi da buƙatar malami duk ɗaya ne da tango. A lura da wals, tana da ɗaga diddige a tsaya a kan yatsu, ga yawan zagaye, mai jiri bai kamata ya kusance ta ba.

Ajin da ake farawa a kujera

A 2001 Olie Westheimer ta ƙungiyar masu cutar da ke Brooklyn a New York ta tuntuɓi kamfanin rawa na Mark Morris, daga nan aka haifi shirin Dance for PD, wanda yanzu ya bazu a ƙasashe fiye da ashirin. A Landan kuma ƙungiyar rawa ta English National Ballet ta fara nata ajin a 2010, masu bincike na Jami'ar Roehampton suna bibiyar sa.

Tsarin ajin kashi uku ne, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ana farawa a zaune cikin da'ira: a miƙa hannu sama kamar mai tsinko mangwaro, a buɗe ƙirji, a murɗa kafaɗa, a buga diddige da yatsu a ƙasa bisa kiɗa. Daga nan a miƙe a riƙe bayan kujera, a ɗan durƙusa a ɗago, a miƙa ƙafa gaba da gefe. Kashi na uku a ratsa fili cikin jeri. Wanda ba zai iya tashi ba sai ya yi kowane motsi daga kujerarsa, ba a bar shi a baya ba. Malaman 'yan rawa ne da aka horar, kuma dabararsu ita ce magana da hoto. Maimakon su ce ka ɗaga hannu sau goma, sai su ce ka ture labule mai nauyi. Hoton yana sa motsin ya fito babba, kuma ƙanƙancewar motsi ita ce babbar matsalar cutar.

Hujjarsa ba ta kai ta tango ƙarfi ba wajen gyaran tafiya, don rabin lokacin a zaune ake. Akwai binciken Karolina Bearss da Joseph DeSouza na Jami'ar York da ke Toronto, wanda aka buga a 2021. Sun bi mutum 16 masu zuwa irin wannan ajin sau ɗaya a mako har shekara uku, ba su ga alamomin motsinsu sun ƙaru yadda aka saba gani ba. Labari ne mai daɗi, amma mutum 16 ne, kuma su suka zaɓi zuwa da kansu, wataƙila dama su ne masu ƙarfin jiki. A ɗauke shi a matsayin ishara.

Inda ya yi zarra shi ne aminci da zumunci. Haɗarinsa shi ne mafi ƙanƙanta, ba ya buƙatar abokin rawa, yana karɓar 'yan hawa na 1 har na 4. A New York kyauta ake yin sa, a wasu wuraren akan biya kaɗan. Ɗorewarsa tana da kyau saboda mutane na saba da juna, idan ba a ga wani ba a tambaya. Ga wanda cutar ta killace a ɗaki, wannan ya fi kowane taku muhimmanci.

Rawar rukuni ta Ailan

A 2010 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Italiya, Daniele Volpe, yana kaɗa jita a ƙauyen Feakle na ƙasar Ailan, sai ya ga wani mutum da ya shigo da tafiyar masu Parkinson yana rawa sumul. Ya koma gida ya gwada, aka buga sakamakon a 2013: mutum 24, rabi rawar Ailan, rabi atisayen fisiyo na yau da kullum, wato motsa jikin da ake koyarwa a asibiti, awa ɗaya da rabi a mako na wata shida. Duka ɓangarorin sun ci gaba, 'yan rawa sun fi samun sauƙin kafewar ƙafa da gyaran tsayuwa.

Mutum takwas ke yin ta, bibbiyu a gefe huɗu, kiɗanta na da bugu a fili wanda ba ya sauyawa. Sai dai tana da sauri, tana da juyi da yawa, kuma tara mutum takwas da malami a wajen Ailan da 'yan wasu wurare ba ƙaramin aiki ba ne. Ga yawancin masu karatu darasi kawai za a ɗauka daga gare ta: bugun da ba ya rawa ya fi kiɗa mai ƙawa amfani.

Bin aji ta bidiyo

Dance for PD da wasu ƙungiyoyi suna da darussa a intanet, wasu kai tsaye, wasu ɗaukakku, da yawa kyauta. Kuɗinsa data ne da caji. Mafi arha shi ne a sauke bidiyo biyu ko uku a ajiye, a riƙa maimaitawa.

Matsalolinsa uku ne, kuma duk a aikace suke fitowa. Allon waya ƙarami ne, mutum ya sunkuyar da kai yana leƙe, alhali sunkuyon shi ake yaƙi da shi, don haka a haɗa da talabijin ko a ɗora wayar daidai tsayin ido. Malamin cikin bidiyo ba ya ganin ka, ba zai ce takunka ya gajarce ba, kuma mai Parkinson yakan ji kamar motsinsa babba ne alhali ƙarami ne. Dole a samu wanda zai zauna a gefe yana gyara. Na uku, yawancinsu da Turanci ne. Wannan bai cika hana bin motsi ba, amma gargaɗin da malami ke yi da baki yana wucewa, sai a sa wani ya fara kallo ya fassara. Ɗorewarsa ita ce mafi rauni. Babu mai jiran ka, babu mai cigiya.

Takun tsakar gida da bugu

Wannan shi ne abin da mutumin Kano ko Damagaram ko Kumasi zai iya farawa gobe da safe. Tushensa binciken Michael Thaut ne na Jami'ar Jihar Colorado. A 1996 ya nuna cewa atisayen tafiya a gida bisa kiɗa mai ƙayyadadden bugu, minti 30 kullum na mako uku, ya ƙara saurin tafiyar masu cutar da kusan kashi 25 cikin 100.

Da farko a san bugun mutum. Lokacin da magani ke aiki, ya yi tafiyarsa ta yau da kullum, wani ya ƙirga takun da ya yi a daƙiƙa 30, a ninka biyu. Idan an samu 96, to bugu 96 a minti shi ne nasa. A sauke manhajar metronom a waya, wadda ke buga ƙas-ƙas a adadin da aka sa mata, ko a nemi kiɗan da ya zo daidai. Kiɗan ƙwarya irin na mata ya dace don bugunsa a fili yake. Kalangun biki da ke zaburowa idan an fara liƙi bai dace ba, zai kwashi ƙafa. Wanda ba ya sauraron kiɗa saboda addini bai yi asarar komai ba, tafi ko ƙirga da baki ko metronom duk suna yin aikin. Bayan mako ɗaya ko biyu, idan taku na sauka daidai, a ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Mai kafewar ƙafa, ko wanda gajerun taku ke kwasar sa da gudu, kada a ƙara masa, sau da yawa ɗan ragewa ya fi masa.

Zama ɗaya minti 30 zuwa 40 ne, sau uku a mako. Minti goman farko a kujera: buga diddige, ɗaga gwiwa, buɗe hannuwa iyakar iyawa, juya ƙirji dama da hagu. Minti biyar a tsaye riƙe da bayan kujera, ana mayar da nauyi dama, hagu, har ƙafar da ba ta ɗauke da nauyi ta ɗan bar ƙasa. Sai minti goma sha biyar na taku: huɗu gaba, tsaya, biyu gefe, tsaya, tafi ɗaya, a sake. Diddige ya fara sauka. Idan an kai bango a yi juyi mai faɗi kamar mai zagaya turmi, ba a murɗawa a wuri ɗaya. Idan wurin ya matse, a yi juyin agogo: ƙafa ta nufi ƙarfe 12, ta nufi 3, ta nufi 6, ana ɗaga ta kowane karo. Minti biyar na ƙarshe a koma kujera a huce. Ga mai kafewa, a ja layuka da alli a ƙasa gwargwadon tsawon takunsa, wajen santimita 40 zuwa 50, ya riƙa tsallake su ɗaya bayan ɗaya.

Kuɗinsa kusan babu. Ɗorewarsa ta dogara da mutanen gida, idan aka ɗaure shi da wani lokaci tsayayye, misali bayan karin kumallo ko bayan la'asar, yana zama. Haɗarinsa matsakaici ne, kuma yana raguwa sosai idan likitan fisiyo ya fara auna mutum ya kuma ga takun da idonsa ko sau ɗaya ne. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato duk suna da sashen fisiyo.

| Zaɓi | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙin farawa | Haɗari | Inda ya fi ƙarfi |
|---|---|---|---|---|---|
| Tango | Mai yawa | Mai kyau idan aboki na nan | Da wuya | Matsakaici zuwa babba | Juyi, ja da baya, tashi |
| Wals da fokstrot | Mai yawa | Mai kyau | Da wuya | Matsakaici | Tsayuwa, nisan tafiya |
| Ajin kujera | Kaɗan ko kyauta | Mai kyau sosai | Da sauƙi inda akwai aji | Ƙarami | Sandarewa, kaɗaici |
| Rawar Ailan | Matsakaici | Mai kyau | Da wuya ƙwarai | Babba | Kafewar ƙafa |
| Bidiyo | Data da caji | Mai rauni | Da sauƙi | Ƙarami a zaune, babba a tsaye | Sassauta jiki |
| Takun gida | Kusan babu | Ya danganta da iyali | Da sauƙi | Matsakaici | Tsawon taku da sauri |

Abubuwan da ke ɓata kowanne daga ciki

Lokacin magani shi ne kan gaba. Levodopa yakan ɗauki minti 30 zuwa awa ɗaya kafin ya kama jiki, don haka a sa rawar wajen awa ɗaya bayan sha. Abinci mai yawan furotin, irin su nama da wake da nono, yana gogayya da maganin wajen shiga jiki, wanda ya sha ƙwaya ya bi ta da kwanon fura da nono zai iya zuwa fili ƙafa a ɗaure. Wasu kuma idan maganin ya kai ganiya sai jiki ya riƙa murɗe-murɗen da ba su sa shi ba. Irin waɗannan a matsar musu da lokacin rawa, kada kowa ya taɓa adadin magani sai likita.

Sai jiri. Cutar da magungunanta suna sa jini ya sauka idan an miƙe. Idan ana da na'urar awo, a auna a kwance, a sake aunawa bayan minti uku da miƙewa. Lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, to a kai wa likita kafin a fara. Kullum kuma a sha ruwa, a buga ƙafa sau goma a zaune kafin a tashi, a guji zafin rana. Ciwon ƙirji ko ɗaukewar numfashi dalili ne na tsayawa nan take.

Ƙasa da sutura suna kayar da mutane fiye da takun kansa. A naɗe tabarma da darduma, a kawar da wayoyin caji, a goge tayil ya bushe. Silifas ba takalmin rawa ba ne, a sa mai rufe diddige, wanda tafinsa ba ya santsi kuma ba ya maƙale wa ƙasa. Jallabiya ko zanin da ke jan ƙasa a ɗage shi sama da idon sawu. Kujerar roba mara nauyi tana zamewa, a nemi ta katako a jingina ta da bango.

Idan ƙafa ta kafe a tsakiyar rawa, kuskuren da kowa ke yi shi ne ya ja hannun Baba. Ja yana kai ƙirji gaba ƙafa na baya, faɗuwa ke nan. A tsaya, ya miƙe sosai, ya ja numfashi, ya karkata nauyi dama da hagu, a ƙirga masa ɗaya, biyu, uku, ya ɗaga ƙafa ya yi babban taku guda. Kuma kada a ja shi da hira yana cikin taku, hankalin da yake tafiya da shi ɗaya ne, idan aka raba shi ƙafa ke biya. Abokin rawa ma a duba shi. Hajiya mai ciwon gwiwa ba za ta tare Alhaji ba idan ya taho, gara jika ko ɗa mai ƙarfi wanda tsayinsu ya yi kusa.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Wanda ke hawa na 1 ko na 2, bai taɓa faɗuwa ba, kuma yana zaune a birnin da ake da malami, ya ɗauki tango. Yanzu ne jikinsa zai koyi juyi da ja da baya, kafin ranar da zai buƙace su. Idan haddar taku na ba shi wahala, fokstrot ta fi masa.

Wanda ya faɗi ko da sau ɗaya a wata shidan nan, ko yake hawa na 3 zuwa na 4, ajin kujera ne nasa. Idan babu aji a kusa, ya bi ɓangaren zaune na bidiyo, tsayuwa kuwa sai da mutum a gefensa.

Mai kafewar ƙafa a bakin ƙofa da wajen juyi ya fara da takun gida, da bugu mara sauri da layukan alli, bayan likitan fisiyo ya gan shi. Idan daga baya ya samu malamin tango, ya ƙara.

Wanda damuwarsa ta fi ta jiki, ya daina fita, ya daina magana, bidiyo shi kaɗai a ɗaki ba zai yi masa komai ba. A haɗa shi da mutane, ko da masu cutar uku ne ko huɗu a zaure ɗaya, kowa da ɗan rakiyarsa, maza daban mata daban idan haka ya fi kwanciyar hankali.

Akwai kuma dattijon da ko sunan rawa ba ya son ji, yana ganin zubar da girma ne. Kada a yi jayayya da shi a kan suna, a kira abin atisaye, a ba shi tafi da ƙirga. Idan har bugun ma bai karɓe shi ba, akwai tai chi, motsa jikin 'yan Sin mai tafiya a hankali. Gwajin Fuzhong Li na 2012 a kan mutum 195, awa ɗaya sau biyu a mako na mako 24, ya nuna ta gyara tsayuwa, kuma masu yin ta sun fi masu miƙe jiki kawai ƙarancin faɗuwa.

Ko wanne aka ɗauka, a ba shi mako 12 kafin a yanke hukunci, kuma a auna da abin da ido zai gani. Ranar farko a ɗauki lokacin da mutum zai tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita uku, ya juyo, ya zauna. A rubuta daƙiƙoƙin a bayan katin asibiti tare da adadin faɗuwar wata. A maimaita kowane wata a lokaci ɗaya bayan shan magani, a tafi da takardar ranar ganin likita.